Baudilio, Mijin Wakiliya

Yayana Baudilio Corrales bai taɓa yarda akwai wanda ya fi shi sanin ruwan Fonseca ba, kuma a tsibirinmu ba wanda ya taɓa musa masa. In ka sauko kwatar jiragen ruwa ta Amapala da safe za ka same shi zaune a bakin kwalekwalensa yana ɗinkin taru, masunta suna tsayawa ɗaya bayan ɗaya suna tambayarsa ina kifi ya koma, ko iskar arewa za ta taso yau. Yakan amsa ba tare da ya ɗaga kai ba. Ni Otilia ƙanwarsa ce, rumfata tana nan gefen kwatar, ina soya kifi da ayaba ina sayar wa fasinja, don haka yawancin abin da zan faɗa a idona aka yi shi.

Kakanmu dako ya yi wa Jamusawa 'yan kasuwa, lokacin da manyan jirage ke tsayawa a garinmu. Babanmu ma ya taɓa dakon kafin a mayar da tashar jirage San Lorenzo, a bar mana tsofaffin rumbuna da jemagu. Da aiki ya ƙare sai ya koma su, kuma shi ya koya wa Baudilio kowane lungu da kowace mararrabar ruwa. Yanzu jiragen kaya wucewa kawai suke yi ta gabanmu, su girgiza mana kwalekwale su yi gaba.

Matarsa Fidelina ba mai yawan magana ba ce. Sana'arta tonon kuril, baƙar ƙumbar nan da ke ɓuya a laka a gindin itatuwan kurmin bakin ruwa. In ruwa ya janye sai ta shiga laka har gwiwa ita da sauran mata, da ƙatuwar taba a baki don korar sauro, ta fito da kwando cike da hannaye duk yanka. Sun haifi 'ya'ya sun aurar. A duk tsawon zamansu matar Baudilio ake ce mata, ita ma haka take amsawa.

Sai kifi ya fara ƙaranci. Masu kiwon jatan lande sun sare kurmi sun haƙa tafkuna, masunta sun yi yawa, kowa da raga mai ƙananan ido da ke kwashe har 'ya'yan kifi. Ruwan kuma na ƙasa uku ne. In ka hau dutsen tsibirinmu ka fuskanci bakin teku, ga dutsen Conchagua na mutanen Salvador a dama, ga dutsen Cosigüina na mutanen Nicaragua a hagu, kuma ba wanda ya taɓa ganin layin iyaka a kan ruwa. Mai yunwa kifi yake bi. Yau a kama namu a can, gobe a kama nasu a nan, a riƙe inji, iyali su yi ta zarya. Da abin ya ishi kowa, masuntan gefe uku suka ce manya suna can birane suna sa hannu a takarda, bari mu ma mu zauna mu shirya a tsakaninmu. Aka ce kowane gefe ya ba da wakili ɗaya. Teburi aka sa wa zaman suna, ko da yake yawanci a gindin bishiya ake yin sa.

Ranar zaɓen wakilinmu Baudilio ya sa farar rigar da ya sa a bikin 'yarsa, ya shafa mai a gashi. A harabar coci aka taru. Ya miƙe ya fara jawabi tun daga 'yan fashin teku da suka taɓa ɓuya a tsibiran nan, ya bi ta zamanin Jamusawa, ya ratsa ta shari'ar da aka yi a kotun duniya a kan ruwan, bai iso kan kifi ba sai da rana ta take, mutane suna fifita da huluna. Da ya zauna sai Doña Ermelinda, tsohuwar da ta fi kowa daɗewa a tonon kuril, ta ce, "Mun sha tarihi, an gode. To mu da muke cikin laka, wa zai faɗi namu? Fidelina, tashi."

Fidelina ta tashi don ba ta iya yi wa tsohuwar musu. Ta ce ita ba ta san tarihi ba. Abin da ta sani, kuril ɗin da take tonowa tana budurwa yakan cika tafin hannu, na yanzu kuwa sai ka tausaya masa ka mayar. Ta ce in ba a bar wani wuri ya huta ba, to kowa ya fara neman wata sana'a. Ta zauna. Ranar mata sun fi maza yawa, don rabin mazan suna ruwa. Da aka ce masu son Fidelina su ɗaga hannu, ba a ma tsaya ƙirge ba.

A hanyar gida Baudilio dariya ya rinƙa yi. Ya ce mini, "Ai duk ɗaya ne, Tila, a gidana abin ya faɗo. Ni zan rinƙa gaya mata abin da za ta ce." Ya kuwa zaunar da ita ya yi mata darasi har tuwon masara ya huce. Ta saurara tana gyaɗa kai. Da ta je zaman, nata ta faɗa.

Zama na farko a La Unión aka sa shi, can gefen Salvador. Fidelina ta roƙe shi ya kai ta. Ya ce, "Ni direbanki ne? Ina da taru a ruwa." Da labari ya kai wa wakilin Salvador, Don Nicanor Ventura na tsibirin Meanguera, sai ya aiko cewa zai biyo ya ɗauke ta, ai kan hanyarsa ce. Duk wanda ya san ruwan nan ya san ba kan hanyarsa ba ce. Ya iso da sassafe, dogon mutum mai furfurar gashin baki, matarsa ta daɗe da rasuwa, kwalekwalensa fari tas da sabon injin da ko tari ba ya yi. Ya cire hula ya gai da yayana da ladabi, ya shimfiɗa buhu a kan benci don kada rigar Fidelina ta jiƙe. Baudilio ya bi su da kallo har suka sha kwanar tsibiri, allurar ɗinki a hannunsa, bai ƙara ko ɗinki ɗaya ba.

Daga nan abin ya zama jiki. Wata ɗaya La Unión, wani watan Meanguera, wani Potosí a gefen Nicaragua, kuma kullum farin kwalekwalen ne ke zuwa. Fidelina ta fara canzawa, ba da gangan ba. Ta fara ɗaga murya in tana magana. Masuntan da ke tsayawa wurin Baudilio suna tambayar iska, yanzu in sun gama sai su ce, "Doña Fidelina tana gida kuwa? An riƙe injin ƙanena a can, ko za ta yi magana da mutanen Teburi." Wata rana wani ɗan gidan rediyo ya sauka a kwata, ya nufi yayana kai tsaye. Baudilio ya miƙe yana kakkaɓe wando. Mutumin ya ce, "An ce kai ne mijin Doña Fidelina. Ina zan same ta?"

Crescencio mai jigilar fasinja yana wurin, shi kuma bakinsa ba ya ƙyale kowa. Tun daga ranar ya raɗa wa yayana suna. In ya hango shi sai ya ce, "Barka da hutawa, mijin wakiliya. Yau an bar maka wake a wuta, ko kai ne da murhu?" Wata rana kuma, "Na haɗu da farin kwalekwale a hanya, ban ji ƙarar inji ba sai ƙarar dariya." In Baudilio ya ji, kunnuwansa sukan yi ja.

Ran wata Lahadi na je gidansu cin abinci. Fidelina ta dafa miyar kaguwa, ta gasa gurasar masara, tana ta ba mu labarin zaman da suka yi. Ta ce Doña Leocadia wakiliyar Nicaragua ta buga tebur har kofi ya zube. Ta ce Don Nicanor ya ce a gefensu sun gwada hana ƙaramar raga, sun ga amfani.

Baudilio ya ajiye cokali. "Don Nicanor ya ce. Jiya ma Don Nicanor ya ce. Waliyyi ne mu sayo masa kyandir?"

"Mutum ne mai hankali, shi ke nan."

"Mu kuma da muka tsufa a ruwan nan ba mu da shi."

"Na ce ka kai ni ka ƙi, Baudilio."

"Da na san da buhun shimfiɗa ake zuwa, ai da na tanada."

Na ce, "Yaya, ka ci abincinka, miya tana hucewa." Ya ce in rufe masa baki, ni ma ai hannuna ya gani a sama ranar zaɓe. Gaskiya ne, na ɗaga. Fidelina ta tattara kwanuka ta fita da su waje.

Da damina ta kusa, Teburi ya yanke shawararsa ta farko mai nauyi. Akwai wani lungu da muke kira La Garsa, inda ruwan rafi ke haɗuwa da na gishiri, nan kifi ke zuba ƙwai. Aka ce daga farkon ruwan sama har ƙarshensa ba mai jefa raga a ciki, ko daga wane gefe yake, kuma duk wanda aka kama za a riƙe ragarsa har damina ta wuce. Aka zagaye wurin da jarkoki masu iyo. An so a yi gardama a kan launin da za a shafa musu, sai aka tuna tutocin ƙasashen uku duk shuɗi da fari ne, magana ta mutu. Gadi kuma aka raba shi mako-mako.

La Garsa wurin babanmu ne. Nan ya fara kai Baudilio su yana yaro, nan kuma Baudilio ya kama kifin da ya sayar ya yi kayan aurensa. Da Fidelina ta gaya masa, ya ce, "Cikin duk faɗin ruwan nan ba ku ga wurin rufewa ba sai nawa? Shawarar wa ce?"

Ta ce, "Tawa ce. Kai ka gaya mini nan suke haihuwa."

Da ta ce ta Nicanor ce, ina jin da ya fi samun sauƙi.

Ranar da aka gama ɗaura jarkokin, farin kwalekwalen ya dawo da ita da yamma. Ruwa ya janye, matakalar kwata ta yi santsi da gansakuka. Fidelina ta taka ta zame, Don Nicanor ya riƙo ta a kugu ya tsayar da ita, su biyun suka yi dariya. Abin bai wuce ƙiftawar ido ba. Amma kwata cike take, kuma Crescencio ya yi wani ɗan tari da kowa ya ji.

Washegari Baudilio bai fita da asuba yadda ya saba ba. Ya jira sai da rana ta yi tsaka, ya loda tarunsa a gaban kowa, ya sayi kifi da ayaba a rumfata ya ƙunshe. Na ce, "Ina zuwa da tsakar rana haka?" Ya ce, "Gonar ubana." Ya ja inji. Na bar mai a wuta na ruga gidansu, amma Fidelina tana kurmi.

Makon na mutanen Nicaragua ne, kuma Doña Leocadia da kanta take cikin kwalekwalen gadi. Ita ta ba ni labarin daga baya. Ta ce sun same shi a tsakiyar jarkoki, ya shimfiɗa taru daga wannan gefe zuwa wancan, ya miƙe ƙafa yana cin ayaba. Bai ko yi yunƙurin gudu ba. Ta ce masa, "Bawan Allah, ba ka ga jarkoki ba?" Ya ce ya gani, fentin ma bai yi kyau ba. Ta tambayi sunansa. Ya ce, "Ba ni da suna. Ki ce mijin wakiliya." Da suka jawo tarun, cike yake da kifi masu ciki, wasu sun riga sun mutu. Ta ce da ya ga ƙwai yana zuba a ƙasan kwalekwale, shi da kansa ya kawar da kai.

A Meanguera aka yi zaman shari'ar, a inuwar wata babbar bishiya kusa da makaranta. Mutanen tsibirinmu suka cika kwalekwale uku suka bi, wasu don tausayi, yawanci don kallo. Ni ma na rufe rumfa na je. Wakilan uku suna zaune a benci ɗaya, Fidelina a tsakiya, hannayenta a cinya. Baudilio yana tsaye, ya ƙi kujerar da aka ba shi.

Doña Leocadia ta faɗi abin da ta gani, ba ƙari ba ragi. Sai Don Nicanor ya miƙe ya cire hula. Ya ce Don Baudilio dattijo ne da kowa ke girmamawa a ruwan nan, dokar kuma sabuwa ce, mutum yakan yi kuskure. Ya ce a ganinsa a ja masa kunne a mayar masa da tarunsa, ko don darajar Doña Fidelina da ta yi wa Teburi wahala.

Ban taɓa ganin fuskar yayana ta yi irin wannan baƙin ba. Ya ce, "Ba kuskure na yi ba, da sanina na shiga. Kuma ban roƙe ka ba. Ka riƙe alherinka, ka shimfiɗa shi a benci."

Wasu suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Don Nicanor ya zauna a hankali, ya rasa inda zai sa idonsa. Ina jin sai a lokacin ya gane abin da ake ciki.

Saura Fidelina. Ta miƙe, ba ta kalli mijinta ba, mutane ta kalla. Ta ce, "Tarun nan shi ke ciyar da gidana, ni na san zaren da ke jikinsa. Amma in aka mayar masa yau don mijina ne, gobe ɗan'uwan Doña Leocadia zai shiga, jibi maƙwabcin Don Nicanor, kuma ba mu da bakin hana su. Sai mu kwance jarkokin mu zuba ruwan sha a ciki. A riƙe tarun har ƙarshen damina." Doña Leocadia ta ce ita ma haka ta gani. Aka naɗe tarun aka kai ɗakin ajiyar makaranta.

Baudilio bai koma gidansa ba. Ya ɗaura ragar kwanciya a barandata, ya ce nan zai zauna. Ya yi kwanaki ba ya sauka kwata. Fidelina kuma ta koma laka safe da yamma, duk janyewar ruwa tana ciki, don yanzu kwandonta kaɗai ke riƙe da gidan. Kullum takan aiko masa da abinci a rufe. Yakan bar shi ya huce, sannan ya cinye in ya ga ba na kallo.

Wata rana da hantsi ana yayyafi, ba ciniki, na zauna kusa da shi ina ɓare tafarnuwa. Na ce, "Yaya, tsakaninka da Allah, ka yarda akwai wani abu tsakanin Fidelina da mutumin nan?"

Ya kaɗa ragar da ƙafa. Ya ce, "Babu. Na san babu."

"To me ke cin ka?"

"Kin taɓa jin ta yi dariya irin wadda take yi a kwalekwalen nan? Tun da na aure ta ban ji ba. Ni na koya mata ruwan nan, Tila. Ranar da na fara sa ta a kwalekwale amai ta rinƙa yi. Yanzu mutanen ƙasa uku suna yin shiru in za ta yi magana, ni kuma ana tambayata ina za a same ta."

Na ce, "Kai da aka yi shekara da shekaru ana tambayarta ina za a same ka, ta taɓa zuwa ta kwanta a barandar wani?"

Ya ce tafarnuwata tana sa masa hawaye, in matsa can.

Ana cikin haka Fidelina ta zo da kanta, ƙafafunta da sauran laka. Ta tsaya a bakin baranda ta ce, "Ran Alhamis akwai zama a Potosí. Tarunka aka riƙe, ba kwalekwalenka ba. Ko ka kai ni, ko in aika wa Don Nicanor. Ka zaɓa, ni ba zan sake tambaya ba." Ta juya ta tafi. Ran Laraba na gan shi a kwata yana wanke kwalekwale da sabulu, har ƙarƙashin benci.

Na bi su don ina son sayo cuku a Potosí, a can ya fi arha. Da muka isa ya ƙi sauka, ya zauna a kwalekwale cikin rana har aka tashi daga zaman. Don Nicanor ya rako Fidelina bakin ruwa, ya tsaya nesa kaɗan, ya ɗaga wa yayana hula. Baudilio ya ɗaga yatsa ɗaya. Muka tashi kusan tare, don farkon hanyarmu ɗaya ce, kuma cikin ɗan lokaci farin kwalekwalen ya wuce mu kamar muna tsaye.

Na ga yayana ya cije leɓe. Ya karkata inji ya nufi gefen kurmi. Ya ce akwai wata 'yar hanya ta cikin rafi da babanmu ya nuna masa, tana yanke tafiyar, za mu fito a gaban mutumin nan ya ga inji ba shi ne sanin ruwa ba.

Fidelina ta ce, "Hanyar nan ta cike, Baudilio. Tun da aka haƙa tafkuna a sama laka ta rufe ta. Kuma ruwa yana janyewa."

"Wa ya ce? Don Nicanor?"

"Ƙafata ta ce. A nan muke tono yanzu."

Bai saurare ta ba. Muka shiga rafin, itatuwa suka rufe mu ta gefe biyu, ruwan yana ta ƙara ja. Can sai kwalekwalen ya yi wata 'yar ƙara daga ƙasa ya tsaya. Ya ƙara wuta, inji ya tono baƙar laka ya watsa mana. Ya sauka ya tura, ya nutse har cinya. Kafin ya gama fama ruwan ya gudu ya bar mu zaune a kan tudun laka, kaguwa suna fitowa daga ramuka suna kallonmu.

Daga inda muke ana hango faɗin ruwa ta bakin rafin. Farin kwalekwalen ya rage gudu, ya juyo, ya tsaya daga nesa. Don Nicanor ya miƙe yana ɗaga igiya. Baudilio ya ce, "Duk wadda ta ɗaga masa hannu a cikinku, a nan zan bar ta." Na ce, "Da wace ƙafa za ka tafi?" Fidelina ta miƙe ta yi wa Don Nicanor alama ya tafi abinsa. Ya ɗan yi jinkiri, sannan ya juya.

Sai jiran ruwa. Sauro suka taso mana. Fidelina ta ciro tabarta ta kunna, ta tattare riga, ta sauka cikin laka kamar mai shiga ɗakinta. Ta rinƙa cusa hannu a gindin saiwoyi tana jefo kuril cikin kwalekwale, ƙanana ta mayar. Baudilio yana zaune a kan inji, laka tana bushewa a jikinsa, yana kallonta. Ban sani ba ko ya taɓa ganin ta tana aikin nan da idonsa. Da ta tara da dama ta hawo, ta fasa su da wuƙarsa, ta matsa lemun tsamin da na sayo, ta miƙa masa na farko. Ya karɓa.

Ya ce, "Babana ya bi ta nan da kwalekwale cike da kaya."

Ta ce, "Na sani. Ruwan ne ya canza."

Ya sha wani, ya goge baki. "Me yake faɗa miki da kike dariya haka?"

"Labarin jikokinsa. Da yadda yake ƙone wake kullum tun da matarsa ta rasu."

"Wannan ne abin dariyar?"

"In mutum yana magana yana kuma jiran jin amsarka, ko labarin wake ne yakan yi daɗi."

Ya miƙa hannu ya karɓi tabar daga bakinta ya ja, ya yi ta tari, ita kuma ta yi dariya har da riƙe ciki. Ya harare ta, amma bai mayar da tabar ba sai da ya ƙara ja. Ruwa ya dawo da la'asar sakaliya ya ɗaga mu, muka koma da baya muka bi hanyar kowa. Da muka iso kwata bai nufi barandata ba, ya ɗauki kwandon kuril ya bi ta a baya.

Ba zan ce ya warke ba. Da damina ta wuce ya je Meanguera ya karɓo tarunsa, ya bincike shi ido-ido ko ɓera ya taɓa, ya kuma ce an naɗe shi ba daidai ba. Shi ke kai Fidelina kowane zama yanzu, kuma har yau bai taɓa zama a inda ake yin sa ba. Yakan tsaya daga nesa inda zai ga bencin, in Don Nicanor ya matsa kusa da ita don nuna mata wani abu, sai a ji an ja inji a bakin ruwa ana ta ba shi wuta. Doña Leocadia ta ce in suka ji haka sukan san lokacin tashi ya yi. Bara da aka sake zaɓe ya kuma sa farar rigarsa ya tsaya takara da matarsa. Hannu kaɗan ya samu, ɗaya daga ciki na Fidelina ne, ya kuwa yi mako guda ba ya yi mata magana a kan haka.